Ɗana yana karatu a Santambul, tsoron girgizar ƙasa ya hana ni barci

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ɗana yana shekara ta biyu a jami'a a Santambul, su uku suke haya a wani tsohon bene. Tun da na ga hotunan girgizar ƙasar da aka yi a Turkiyya hankalina bai sake kwanciya ba, ga shi kullum ana cewa wata babba tana nan tafe wa Santambul ɗin. Shi ma ya ce yakan farka cikin dare ya ji kamar gado yana motsi. Shin da gaske za a yi? In dawo da shi gida ne, ko yaya zan yi da wannan fargaba? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya kwantar miki da hankali, ya tsare mana yaran duk inda suke. Ba zan yi miki daɗin baki ba, don da shi kike nema da ba injiniyan gine-gine za ki tambaya ba. Maganar da kike ji gaskiya ce. Masana ilimin ƙasa sun haɗu a kan cewa Santambul za ta sake ganin babbar girgiza, ranar ce kawai babu mahalukin da ya sani. Amma ni kalmomi biyu ne suka tsaya mini a rai cikin saƙonki, wato "tsohon bene". Zan dawo kansu, domin a nan ne kike da abin yi.

Bari mu fara da ƙasar kanta. Doron da muke takawa ba dunƙulalle ba ne, a farfashe yake kamar tsohuwar ƙwaryar da aka ɗinke, kuma manyan ɓangarorinsa tafiya suke yi a hankali. Turkiyya tana zaune a kan wani ƙaramin ɓangare da ya shiga tsaka mai wuya. Ɓangaren da ke ɗauke da ƙasashen Larabawa yana turo shi daga kudu, na Turai da Asiya ya tokare shi daga arewa, sai ya rasa mafita ya riƙa zamewa yamma, kamar yadda ƙwallon mangwaro ke kuɓucewa in an matse shi a hannu. Tafiyar ba ta wuce santimita 2 zuwa 2 da rabi a shekara ba, ko saurin tsiron farce ba ta kai ba. Inda ɓangarorin biyu suke gogar juna ta arewa akwai wata tsaga mai tsawon kusan kilomita 1,500, ana kiranta tsagar Anatoliya ta Arewa. Duwatsun bakinta ba sa zamewa sumul. Cijewa suke yi, ƙarfi yana taruwa shekara da shekaru, ran da suka gaza riƙewa sai su ɓalle lokaci guda. Ɓallewar nan ita ce girgizar.

Abin da ya sa ake nuna Santambul da yatsa shi ne yadda tsagar ta riƙa ɓallewa bi da bi, daga gabas tana nufar yamma, kamar ɗinkin riga yana warwarewa. A 1939 ta ɓalle a Erzincan, mutum kusan 33,000 suka rasu. Ta sake a 1942, da 1943, da 1944, da 1957, da 1967, galibi kowace tana gaba da ta bayanta. Ranar 17 ga Agusta 1999, wajen ƙarfe uku na dare, ta iso Izmit, wanda bai fi tafiyar kilomita 100 daga Santambul ba. Ƙarfinta maki 7.6 a ma'aunin girgizar ƙasa, ta kashe fiye da mutum 17,000. Yankin da ya rage bai ɓalle ba shi ne wanda ya ratsa ƙarƙashin tekun Marmara, kilomita 15 zuwa 20 kudu da gaɓar birnin. Tarihi ma ya shaida shi. A 1509 an yi wadda mutanen Daular Usmaniyya suka raɗa wa suna "Ƙaramar Alƙiyama", aka sake yin wata babba a 1766. Ki lissafa tazarar da ke tsakaninsu, sannan ki lissafa daga 1766 zuwa yau, za ki ga dalilin da ya sa masana ba sa wasa da maganar.

To amma ki lura da yadda suke faɗinta. A shekarar 2000 wani masani Ba'amurke mai suna Tom Parsons da abokan aikinsa suka ƙiyasta cewa yiwuwar birnin ya ga girgiza mai tsanani cikin shekara 30 ta kai kashi 62 cikin 100. An sake lissafin daga baya, wasu suka rage, wasu suka ƙara. Ga shi an ci fiye da shekara 25 ba a yi ba, kuma hakan bai ƙaryata su ba, don ba rana suka sa ba. In kika raba wannan ƙiyasi a kan shekaru, abin da zai faɗo wa kowace shekara bai wuce kashi 2 ko 3 cikin 100 ba. Ɗanki saura masa shekara biyu ko uku. Wato abin da ya fi rinjaye, da nisa, shi ne ya gama karatunsa ya dawo miki bai ga babbar ba. Haɗarin bai kai yadda zuciya take zana shi da tsakar dare ba, amma kuma ya wuce a ɗaga masa kafaɗa.

Akwai zance biyu da ke yawo da nake so ki toshe kunne daga gare su. Na farko, masu sa rana. Duk wanda ya turo miki saƙo a WhatsApp cewa wani masani ya ce ranar kaza za a yi, ko taurari sun jeru, ko karnuka sun yi haushi, ki share. Sau ɗaya aka taɓa kwashe mutane daga gari kafin babbar girgiza har abin ya shahara, a Haicheng ta ƙasar Sin a 1975, shi ma don ƙananan girgiza sun yi ta zuwa ne kafin babbar. Shekara ɗaya bayan haka ta faɗa wa birnin Tangshan, shi ma a ƙasar Sin, babu sallama, aka rasa mutum sama da 240,000. Abin da kimiyya ta iya a yau shi ne gargaɗin daƙiƙoƙi. In ƙasa ta ɓalle, igiyar motsi iri biyu take aikowa, mai sauri marar ɓarna sosai da mai nawa wadda ke rusa gini. Na'ura takan ji ta farkon ta aika saƙo wa wayoyi kafin ta biyun ta iso. A Santambul, da yake tsagar a bakin ƙofa take, 'yan daƙiƙoƙi ne kawai, iyakar abin da zai ishi mutum ya janye daga taga ya durƙusa.

Na biyu, masu cewa ƙananan girgiza suna rage wa ƙasa nauyi, saboda haka wadda aka yi kusa da Santambul ranar 23 ga Afrilu 2025 mai maki 6.2 ta sauke haɗarin. Da ma haka ne da mun ji daɗi. Ma'aunin girgiza ba kamar mudu yake ba. Duk ƙarin maki ɗaya ninki kusan 32 ne na ƙarfi, maki biyu ninki 1,000. Sai an yi mai maki 6.2 sau talatin da wani abu kafin a fitar da ƙarfin mai 7.2 guda ɗaya.

Yanzu mu koma kan tsohon benen. A 2010 an yi girgiza biyu da duk ɗalibin fanninmu ya haddace. A watan Janairu mai maki 7.0 ta sami Haiti, yawancin ƙiyasi sun ce mutum 100,000 ko fiye suka mutu. A watan Fabrairu mai maki 8.8 ta sami Chile, ƙarfinta ya ninka na Haiti kusan sau 500, waɗanda suka rasu ɗari biyar da 'yan kai. Akwai bambancin zurfi da nisa daga gari, amma babban bambancin shi ne Chile tana da dokar gini kuma ana binta. Turkawa suna da wata magana da marigayi Farfesa Ahmet Mete Işıkara ya yaɗa bayan 1999, lokacin yana shugaban cibiyar sa ido kan girgizar ƙasa ta Kandilli, har yara suka riƙa ce masa Kakan Girgiza. Cewa yake yi girgiza ba ta kisa, gini ne ke kisa.

Girgizar da kika ga hotunanta ta tabbatar da haka ta fuska biyu. Ranar Litinin 6 ga Fabrairu 2023, ƙarfe 4:17 na asuba, mai maki 7.8 ta tashi kusa da Kahramanmaraş, bayan awa tara wata mai 7.5 ta biyo. Wannan wata tsagar ce daban, ta gabas, ba ta Santambul ba. Larduna 11 ta shafa, fiye da mutum 50,000 suka rasu a Turkiyya kaɗai, ban da na Siriya. Cikinsu har da Christian Atsu, ɗan ƙwallon Ghana, wanda ya ci wa ƙungiyarsa ƙwallon nasara a ranar da ta gabata. Ba a tsohon gida yake ba, a wani katafaren bene mai hawa 12 yake a Antakya, wanda bai fi shekara goma da ginawa ba, ana tallarsa a matsayin gidan masu hali. Kifewa ya yi gaba ɗaya. A lardin Hatay, inda Antakya take, kuma akwai wani gari mai suna Erzin, inda ko gini ɗaya bai rufta ba. Ƙasar wurin ta taimaka, gidajen ma ba dogaye ba ne, amma shugaban garin ya shahara da ƙin sa hannu a ginin da ya saɓa doka, ko na ɗan'uwansa ne. Saboda haka fenti da tayil da ƙofar gilashi ba sa gaya wa mutum komai.

Na yi karatun digiri na biyu a Santambul, kuma gidan da na fara kamawa araharsa ce ta ja ni. Bene ne mai hawa biyar, a ƙasa akwai shagon sayar da kujeru. Bayan wata biyu da tarewata, ranar Alhamis 26 ga Satumba 2019 da azahar, aka yi mai maki 5.8. Ina zaune ina cin abinci na ji kamar babbar mota ta daki ginin, cokula suka ɗau ƙara, fitilar silin ta shiga lilo. Ni da nake karanta abin a aji, ban san lokacin da na tsinci kaina a matakala babu takalmi ba. Layukan waya duk suka ɗauke, na fi awa ina neman gida ban samu ba. Washegari na roƙi mai kula da ginin ya buɗe mini ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Warin danshi ne ya fara tarbata. Na haska fila ta farko da tocilar waya, sai ga kankaren ya ɓare a gindinta, rodin ya fito fili ya yi ja da tsatsa. Na sa mukullin ɗakina na ƙwaƙula, kankaren ya riƙa zubowa kamar busasshen tuwo, a cikinsa har da ɓawon ƙananan halittun teku. Wato da yashin teku aka yi shi ba a wanke ba, gishirin ya shekara arba'in yana cin rodin. Rodin kuma sumul ne, ba mai zane ba. Da na shiga shagon kujerun na ɗaga kai, sai na ga tabon fila a jikin bim, ita kuwa filar babu ita. An sare ta don a sami wurin baje kaya. Kafin ƙarshen wata na tashi, kuɗin ajiyata ma ban tsaya jayayya a kansu ba.

Abin da na gani a ɗakin nan shi ne labarin dubban gine-gine. Birnin yana da gini sama da miliyan ɗaya, kimanin kashi 70 cikin 100 an yi su kafin shekarar 2000. Wannan shekara ita ce kan iyaka. Bayan bala'in 1999 aka fara aiki da sabuwar dokar gini da gaske, aka kawo dokar sa ido a kan masu gini a 2001, kankaren kamfani ya maye gurbin wanda ake kwaɓawa da shebur, rodi mai zane ya maye gurbin sumul. An sake tsaurara dokar a 2007 da 2018. Ba duk sabo ne mai kyau ba, kin ji na Antakya, kuma ba duk tsoho ne matacce ba. Amma in aka ce in zaɓa da ido rufe, na bayan 2000 zan ɗauka, in na sami na bayan 2007 ya fi.

Ga aikin da za ki ba ɗan naki, kuma bai fi na yini biyu ba. Ya gano shekarar da aka yi ginin. Akwai inshorar girgiza ta dole da ake kira DASK, takardarta tana hannun mai gida kuma bayanin shekarun ginin yana ciki. Ya tambaya ko ginin yana da takardar izinin zama da suke kira iskan, domin ginin da ba shi da ita sau da yawa an ƙara masa hawa ne ko an sauya tsarinsa. Kada ya yarda da takardar afuwa a madadinta. Gwamnati ta sha yi wa gine-ginen da suka saɓa doka afuwa in an biya kuɗi, ta baya-bayan nan a 2018, kuma takarda ba ta ƙara wa fila ƙarfi. Sannan ya sauka ƙasa da ƙafarsa ya duba. In hawan ƙasa shago ne ko gareji mai faɗi, gilashi ta ko'ina babu bango, saman kuma ɗakuna ne cike da bulo, wannan shi ne ginin da ya fi saurin durƙushewa, kamar ƙato ne a kan siraran ƙafafu. Ya duba ko benayen sama sun turo ciki sun wuce na ƙasa faɗi. Ya duba ko ginin ya manne da na maƙwabta alhali dekinsu ba a layi ɗaya yake ba, don in suka fara karo dekin wancan tsakiyar filar wannan zai riƙa duka. Tsagar filasta ba abin damuwa ba ce. Tsagar da ta ratsa fila ko bim a karkace, da tsatsar da ta kumbura kankare, su ne abin gudu.

Ƙasar unguwar ma tana da nata. Ƙasa mai laushi, irin ta fadama ko wadda aka cike daga teku, tana ƙara wa motsi ƙarfi kamar yadda kunu ke kaɗawa a kwano fiye da tuwo. A 1999 unguwar Avcılar da ke Santambul ta yi asarar ɗaruruwan rayuka duk da nisanta daga Izmit, a 2020 haka ta faru a Bayraklı ta Izmir. Gaɓar Marmara ta ɓangaren Turai, daga Fatih da Zeytinburnu da Bakırköy har Avcılar, ita ce ta haɗa kusanci da tsaga, da ƙasa mai rauni a wurare da yawa, da tsofaffin gidaje. Abin takaici nan ne mutanenmu suka fi yawa, ɗalibai da 'yan kasuwar da ke sauka Aksaray da Laleli, saboda sauƙin haya da kusancin kasuwa. Arewacin birnin ya fi dutse, ya fi nisa da tsagar. In binciken nan ya nuna gidan ba shi da kyau, ya tashi, ko da zai ƙara rabin awa a jirgin ƙasa kafin ya isa makaranta. Ƙarin kuɗin hayar ya fi kuɗin tikitin dawowa da asarar shekara biyu sauƙi. Sabon ɗakin kwanan ɗalibai ma sau da yawa ya fi gidan haya mai araha.

In ta zo yana ciki fa? Turkawa suna koya wa yaransu kalma uku, çök, kapan, tutun: durƙusa, kare kai da wuya, riƙe abu mai ƙarfi. Gefen gado ko ƙarƙashin tebur mai ƙwari, nesa da taga da kabad. Ban da matakala, ban da lif, ban da baranda, har sai motsin ya tsaya. Ni da bakina na gaya miki na karya wannan doka, kuma sa'a na ci, don matakala tana cikin abin da ke fara karyewa. A girgizar Afrilun 2025 babu wanda gini ya danne ya mutu, amma fiye da mutum 150 aka kai asibiti saboda sun diro daga tagogi da baranda. Tsoro ne ya karya su. Ba zan ɓoye miki ba, in gini ya haɗe hawa a kan hawa kamar an jera faranti, tebur ba lalle ya yi ceto ba, shi ya sa na fara da zaɓen gida. Amma a ginin da ya tsaya, abin da ke raunata mutane kabad ne da firji da gilashi, kuma ƙusa biyu da ɗan ƙarfe sun isa a ɗaure kabad da bango. Ya ajiye takalmi a gefen gado. Ya haɗa 'yar jaka kusa da ƙofa da ruwa, tocila, abin cajin waya, kwafin fasfo da takardar zama, ɗan kuɗi a hannu, da usur, domin murya tana dishewa a ƙarƙashin ɓaraguzai, usur kuwa numfashi kaɗan yake so. Bayan motsi ya lafa ya kashe gas ya fita, ya nufi filin taruwar unguwarsu, wanda zai gani a shafin gwamnati na e-Devlet, kada ya nufi bakin teku. Ku kuma yi alkawari tun yanzu cewa saƙon rubutu ɗaya zai turo, "lafiya lau", ke kuma ba za ki yi ta kira ba. Shirun awa biyu ko uku a irin wannan rana cunkoson layi ne.

Sai maganar fargabar, wadda ita ce ainihin ciwon. Abin da ɗanki yake ji na motsin gado sananne ne, kusan duk wanda girgiza ta taɓa kaɗawa ya san shi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Jiki ne ya zauna cikin shiri, har bugun zuciyar mutum ko wucewar mota sai ya fassara shi da girgiza. Mutanen birnin da zarar sun ji haka sai ka ga kowa ya ɗaga kai ya kalli fitilar da ke rataye, in ba ta lilo a ci gaba da shan shayi. Ni kofin ruwa nake ajiyewa a kan tebur. Na san waɗanda suka yi watanni suna kwana da kayan fita a jikinsu, da matan da ke ajiye hijabi a ƙarƙashin matashi, da masu wanka a gurguje don kada ta same su a banɗaki. Mako biyu ko uku na irin wannan ba ciwo ba ne.

Wani likitan ƙwaƙwalwa Baturke, Metin Başoğlu, ya yi aiki da dubban waɗanda suka tsira a 1999, kuma abin da ya gano ya dace da abin da na gani a kaina. Abin da ya fi riƙe mutum a cikin tsoro shi ne jin cewa ba shi da iko a kan komai, da kuma gudun duk abin da ke tuna masa. Mai gudun kwana a ɗaki, gobe zai guji shiga bene, jibi zai guji jirgin ƙarƙashin ƙasa, duniyarsa tana ta ƙanƙancewa. Maganin da suka yi amfani da shi shi ne a koma wa abin da ake gudu da kaɗan-kaɗan, da gangan, har jiki ya koyi cewa zai iya. Wasu zama ɗaya aka yi da su suka sami sauƙi mai yawa. Shi ya sa duba gini da ɗaure kabad da haɗa jaka suke aiki biyu, suna kare jiki, suna kuma ba zuciya abin riƙewa. Amma in an gama a tsaya. Wanda ke buɗe manhajar girgiza sau ashirin a yini ciyar da tsoron yake yi, don Turkiyya tana samun dubban ƙananan motsi a shekara waɗanda na'ura kaɗai ke ji. In abin ya wuce wata guda yana hana shi barci ko shiga aji, ko yana mafarkin tsoro a kai a kai, ya je ofishin masu ba da shawara na jami'arsu. Babu abin kunya a ciki.

Ke ma Hajiya da naki. Ki daina kallon bidiyon rushewar gine-gine, musamman bayan isha'i. Waya ta gane abin da ke tsayar da ke, shi za ta yi ta kawo miki. Kuma in kin kira shi kada gaisuwarku ta zama "an yi girgiza?" kullum, don yaro yana jin tsoron uwarsa a murya ko ta ɓoye, sai ya ɗauki nasa ya haɗa da naki. Ki tambaye shi karatu da abin da ya ci. Addu'arki kuwa ki riƙe ta da kyau. Na sha jin masu cewa in kwana ya ƙare ko a ina mutum yake sai ya tafi, don haka bincike ɓata lokaci ne. Rabin maganar gaskiya ce. Amma wanda ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya saki raƙumarsa ya yi tawakkali, ce masa aka yi ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Sayyidina Umar ma da ya juya daga hanyar Sham saboda annoba aka ce ko gudun ƙaddara yake yi, ya ce daga ƙaddarar Allah yake gudu zuwa ƙaddarar Allah. Na lura waɗanda suka haɗa biyun sun fi kowa barci, fiye da masu lissafi zalla, fiye kuma da masu cewa ko oho.

Game da dawo da shi, ra'ayina kada ki yi, sai in gidan ya kasa kuma babu halin sauya shi. Gaskiya ne ƙasarmu a tsakiyar ɓangaren Afirka take, nesa da bakin tsaga, shi ya sa abin da muke gani ƙananan motsi ne irin na Kwoi a 2016 da na Mpape a Abuja a 2018, waɗanda cibiyar da ke Toro a jihar Bauchi take bibiya. Yankinmu ma ba a ce sam ba, Accra ta sha mai ƙarfi a 1939, arewacin ƙasar Gini a 1983. Amma mu namu benayen ba sa jiran girgiza, kin tuna mai hawa 21 da ya zube a Ikoyi a 2021 ana cikin gininsa. Hanyoyinmu kuma suna cin sama da mutum 5,000 a shekara bisa alƙaluman hukumar kiyaye haɗurra, kuma ba ki fasa hawa mota zuwa Kaduna ba. Haɗarin da aka saba da shi ba ya hana barci, baƙon ne ke hanawa.

Ki ce masa ya ɗauko hoton gaban ginin daga tsallaken titi yadda hawan ƙasa zai fito sosai, da hoton filoli biyu ko uku na ɗakin ƙarƙashin ƙasa daga gindinsu, da inda ginin ya haɗu da na maƙwabta, ya haɗa da shekarar ginin da sunan unguwar. Hoto ba ya maye gurbin gwajin kankare, wannan sai injiniyan da ke can, kuma hukumar birnin tana da shirin duba gine-ginen da suka girmi shekarar 2000 in mazauna sun nema. Amma in ya turo zan duba, zan kuma gaya miki ko na zama ne ko na tattara kaya.